Yadda Ake Renon Dashen Kiwi da Sayar da Shi ga Masu Lambun Gida

Kiwin da ake gani a manyan kantuna, mai gashi-gashi a baya da koren tsoka da ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi a ciki, ɗan wata shuka ce mai yaɗo wadda ba ta iya tsayuwa da ƙafarta sai an yi mata rumfa. Asalinta ƙasar Sin ne, daga dazuzzukan kwarin kogin Yangtze. A shekarar 1904 wata shugabar makarantar 'yan mata mai suna Isabel Fraser ta kai irinta Niyu Zilan, kuma a can ne wani mai renon dashe, Hayward Wright, ya zaɓo nau'in da ake kira da sunansa wajen shekarar 1924, wanda har yau shi ne koren kiwin da ya fi yawa a kasuwannin duniya. Yanzu Sin da Niyu Zilan da Italiya da Girka da Iran da Cile ne manyan masu nomansa, sannan ana noma shi sosai a gaɓar Baƙin Teku ta Turkiyya.

Wanda zai shiga sana'ar renon dashen kiwi domin masu lambun gida ya kamata ya fara da fahimtar abu guda: mai saye ba shi da hanyar sanin abin da ya saya sai bayan shekara uku zuwa biyar, lokacin da shukar za ta fara fure. A cikin leda duk dashen kiwi kusan kamarsu ɗaya, ko namiji ne ko mace, ko nau'i mai kyau ne ko tsiron da ya fito daga ƙwayar da ba a san asalinta ba. Saboda haka abin da mai reno yake sayarwa a zahiri shi ne gaskiyar abin da ya rubuta a jikin takardar da ya ɗaura wa dashen, kuma kowane mataki na aikin an tsara shi ne domin kada wannan rubutu ya zama ƙarya.

A fara duba yanayin wurin

Kiwi shukar ƙasashe masu hunturu ce ta gaske. Tana zubar da ganyenta ta yi barci a lokacin sanyi, kuma idanun da za su ba da fure ba sa buɗewa yadda ya kamata sai sun sha sanyi mai yawa. Nau'in Hayward yana buƙatar kimanin awa 600 zuwa 800 a yanayin da bai wuce digiri 7 ba a ma'aunin Salshiyos, sannan yana buƙatar kusan wata takwas ba tare da raɓa ta daskare ba domin 'ya'yan su ƙosa. Idan sanyin bai isa ba, shukar za ta yi ganye ta yi yaɗo, amma toho zai fito jefi-jefi, fure kuma ya yi ƙaranci ko ya ƙi fitowa gaba ɗaya.

Wannan shi ya sa nake ganin wajibi ne a faɗa wa mutanenmu gaskiya tun da wuri. Sanyin hunturun Kano da Katsina da Maraɗi, duk tsananinsa a jikin mutum, bai kai abin da kiwi take nema ba, zafin watan Afrilu da busasshiyar iska kuma suna ƙona faffaɗan ganyenta. Ko a Jos da tsaunin Mambila, inda aka fi ko'ina sanyi a Najeriya, dararen da ke sauka ƙasa da digiri 7 ba su da yawa, don haka duk wanda ya dasa ta a can gwaji yake yi, kuma da sunan gwaji ya kamata a sayar masa. Akwai nau'o'in da ba su cika buƙatar sanyi ba, irin su Vincent, amma su ma ƙasashe masu sassauƙan hunturu aka tanadar wa, irin kudancin Kalifoniya. Sana'ar ta fi dacewa da wanda yake zaune a Italiya ko Turkiyya ko Faransa ko Birtaniya ko Amurka ko wuraren tuddai na Afirka ta Kudu, kuma watannin da zan ambata a ƙasa na ƙasashen arewacin duniya ne. A kudancinta sai a ƙara wata shida a kan kowanne.

Namiji da mace

Duk wanda ya san dabino ya san cewa akwai namiji akwai mace, kuma macen ba ta ba da 'ya'ya na kirki sai an yi mata barbara. Haka kiwi take, sai dai a lambun gida ƙudan zuma ne yake yin yawancin aikin, iska ta ɗan taimaka. Furen macen yana da wasu fararen zarurruka da suka baje a tsakiyarsa a kan ɗan ƙullutun da zai zama ɗa, shi kuwa furen namijin cike yake da kawuna masu rawayan gari kuma babu wannan ƙullutu. Furen macen ma yana da irin waɗannan kawuna, amma garinsu ba ya haifar da komai, kuma wannan yakan ruɗi sabon shiga ya zaci shukarsa tana iya barbarar kanta.

Namiji ɗaya yana isar mata shida zuwa takwas idan an dasa shi kusa da su, amma mai lambun gida da zai dasa mace ɗaya tak shi ma dole ya sami namiji. Bai wadatar ba kuma a ce namiji ne kawai, sai furensa ya buɗe a daidai kwanakin da na macen yake buɗewa. Domin haka ake haɗa Hayward, wadda take makara wajen fure, da namiji irin Tomuri ko Chieftain, a kuma haɗa masu saurin fure da namiji irin Matua. Furen kiwi ba shi da ruwan zaƙin da ke janyo ƙudan zuma, saboda haka idan akwai wasu furanni kusa yakan bar shi ya tafi can; mai 'yan shukoki kaɗan zai iya tsinko furen namiji da safe ya goga shi a kan furannin macen, kuma wannan yana ƙara girman 'ya'yan, domin girman ɗan kiwi yana bin yawan ƙwayoyin da suka ƙullu a cikinsa.

Ga mai ƙaramin fili akwai nau'o'i masu barbarar kansu, kuma su ne suka fi saurin fita a hannun mai sayarwa. Jenny tana ba da 'ya'ya masu gashi amma ƙanana a kan na Hayward. Issai, wadda ta fito daga Japan, tana cikin dangin da masana ke kira Actinidia arguta, mai ƙananan 'ya'ya masu santsin baya da ake ci da ɓawonsu. Wannan dangi yana jure sanyi har wajen digiri 30 ƙasa da sifiri, alhali kiwi mai gashi tana fara lalacewa tun daga wajen digiri 10 zuwa 12 ƙasa da sifiri. A ganina mai reno da ke farawa zai fi cin riba idan ya tsaya a kan nau'i uku ko huɗu da ya tabbatar sun dace da garinsa, maimakon ya tara sunaye goma da bai ga 'ya'yansu da idonsa ba.

Iyayen dashe da yadda ake ninka su

Jarin farko shi ne iyayen dashe, wato shukokin da za a riƙa yanko rassa daga jikinsu. A saye su daga gandun dashen da hukuma ta yi wa rajista, a dasa maza a layinsu mata a layinsu, a kafa wa kowace alamar ƙarfe ko roba mai kauri da rana ba za ta goge ba, sannan a zana taswirar wurin a littafi saboda alama tana iya faɗuwa. Ba na ba da shawarar a sayar da ko dashe ɗaya daga uwar da ba a ga furenta ba tukuna, domin gandun da aka saya daga wurinsa ma yana iya yin kuskure, kuma kuskure ɗaya a jikin uwa yana zama kuskure ɗari a gidajen mutane.

Shuka ƙwaya ba hanyar samar da dashen sayarwa ba ce. Ƙwayar da aka ciro daga kiwin kanti tana tsirowa idan an wanke ta, aka sa ta cikin danshin yashi a firji na mako huɗu zuwa shida kafin a shuka, amma abin da zai fito ba Hayward ba ne, ba a sanin jinsinsa sai ya yi fure bayan shekaru, kuma kusan rabi maza ne. Amfanin irin wannan tsiro ɗaya ne, shi ne ya zama gindin da za a aura wa reshe mai kyau, kuma a Niyu Zilan an daɗe ana amfani da tsiron nau'in Bruno domin wannan aiki.

Hanya mafi sauƙi ga mai reno ƙarami ita ce kafa yankan reshe a tsakiyar lokacin zafi, daga ƙarshen Yuni zuwa Agusta, sa'ad da sabon reshen bana ya fara tauri amma bai zama itace sosai ba. Da sassafe ake yanka, a zaɓi reshe mai kaurin fensir wanda gaɓoɓinsa suke kusa da juna, a guji dogayen rassan nan masu gudun girma da taushin jiki. A yanka shi gunduwa-gunduwa mai tsawon santimita 10 zuwa 15, kowace da ido biyu ko uku, a cire ganyen ƙasa a bar na sama guda ɗaya, shi ma a rage rabinsa domin kada ya zuƙe ruwan reshen. Daga nan a ɗan kankare ɓawon gindin, a tsoma shi cikin maganin fitar da saiwa mai sinadarin IBA, a soka shi cikin haɗin da ba ya riƙe ruwa da yawa, kamar yashi mai tsabta da ɓawon kwakwa da aka niƙa. A rufe da farar leda a ajiye a inuwa mai haske, a riƙa fesa ruwa domin ganyen kada ya yi yaushi, a kuma riƙa buɗewa kaɗan kullum domin iska ta shiga. Cikin mako shida zuwa takwas saiwa takan fito. Dangin arguta suna kamawa da sauƙi, kiwi mai gashi kuwa tana da gardama, saboda haka a yanka fiye da abin da ake buƙata.

A nan ne aka fi samun cakuɗewa. Ranar da ake yankan maza kada a taɓa mata, kuma kowane faranti a sa masa alama kafin a soka reshen farko a cikinsa, ba bayan an gama ba. Yana da kyau a ware launi, a ce shuɗiyar alama ta maza ce ja kuma ta mata, domin ko yaron da ke taimakawa wajen ban ruwa ya gane idan an sauya wa leda wuri.

Aure kuwa, wato haɗa reshen nau'i mai kyau da gindin wani tsiro su manne su zama shuka ɗaya, ana yin sa ne a kan tsiron da ya shekara ɗaya ko biyu. Ana yanko rassan da za a aura a tsakiyar hunturu lokacin da shukar take barci, a naɗe su da jiƙaƙƙiyar takarda a sa a leda a ajiye a firji. Ana iya tsaga kan gindin a cusa reshen da aka feƙe, ko a yi wa su biyun yankan karkace mai harshe a haɗa, a ɗaure da leda a shafe saman da kakin zuma. Abin kiyayewa shi ne lokaci, domin idan hunturu ya kusa fita ruwan jikin kiwi yana tasowa da ƙarfi, kuma duk inda aka yanka zai yi ta zuba har ya hana auren kamawa. Saboda haka ko dai a yi tun kafin ruwan ya taso, ko a jira sai ganye ya buɗe zubar ta lafa. Da aure mai reno zai iya ɗora reshen namiji a gefe ɗaya na shukar mace domin mai ƙaramin fili, amma a gargaɗi mai saye cewa namijin ya fi ƙarfin girma kuma zai mamaye macen idan ba a datse shi.

Reno a cikin leda

Idan saiwa ta kama, a mayar da kowane dashe cikin leda ko tukunyar roba mai cin lita biyu zuwa uku, a kafa masa sanda, a bar reshe ɗaya ya miƙe a riƙa ɗaure shi. Kada a bari ya nannaɗe sandar, domin gangar jikin da ta murɗe tun tana ƙarama ba ta miƙewa daga baya. Saiwar kiwi tana da taushi da saurin karyewa, kuma abubuwa biyu ne suke kashe ta: kwanciyar ruwa da yawan taki. Ƙasar da ruwa yake tsayawa a cikinta tana kawo ruɓewar saiwa da gindi, takin zamani mai yawa a lokaci ɗaya kuma yana ƙona ta, musamman mai gishirin kuloraid. A ba da taki kaɗan-kaɗan, a dakatar da shi kafin ƙarshen lokacin zafi domin rassan su yi tauri kafin sanyi. Shukar ta fi son ƙasa mai ɗan tsami, wadda ma'aunin pH ɗinta yake tsakanin 5.5 da 6.5, kuma a ƙasa mai farar ƙasa da yawa ganyenta yakan koma rawaya. A kare dashen daga iska mai ƙarfi, wadda take karya sabon toho daga tushensa, da kuma daskarewar raɓa a watan Afrilu. Kyanwa ma abar lura ce, domin ƙamshin wasu dangin kiwi yana janyo ta ta yi ta goga jiki tana tauna ƙaramin dashe har ta kashe shi.

Cutar da ta fi kowace haɗari ita ce wadda ake kira Psa, ƙwayar bakteriya da ta yi ɓarna a yankin Latina na Italiya daga shekarar 2008, ta kuma bayyana a Te Puke na Niyu Zilan a watan Nuwamba na 2010, inda ta durƙusar da nau'in rawayan kiwi na Hort16A. Alamominta su ne baƙaƙen ɗigo a ganye masu rawayan zobe, da yaushin toho, da wani jan ruwa ko fari da ke tsattsafowa daga reshe. Ba ta da magani idan ta shiga jikin shuka, feshin jan ƙarfe rigakafi ne kawai, kuma dashe da almakashi suna cikin manyan hanyoyin yaɗuwarta. A riƙa goge almakashi da sifirit tsakanin uwa da uwa, kada a yi yanka ranar ruwan sama, kuma idan an ga alamar a daina sayarwa nan take a sanar da hukumar kula da lafiyar tsirrai ta yankin.

Sayarwa

Dashen da ya shekara ɗaya zuwa biyu, wanda saiwarsa ta cika leda ba tare da ta dunƙule ba, shi ne ya isa sayarwa, kuma kasuwarsa ta fi ci daga Maris zuwa Mayu. A rubuta a jikin kowanne sunan nau'insa, da jinsinsa, da namijin da ya dace da shi, da ko yankan reshe ne ko aure. Sayar da su biyu-biyu, mace da namijinta a farashi ɗaya, ya fi alheri ga kowa, domin mutane suna ƙyashin biyan kuɗin shukar da ba za ta yi 'ya'ya ba, sai su ɗauki mace kaɗai su dawo bayan shekara huɗu da ƙorafi. Wajen yanke farashi a lissafa leda da ƙasa da ruwa da sanda da alama, da rassan da suka ƙi kamawa, da kuma mazan da za su yi kwantai, tun da ana buƙatar su ƙasa da mata.

Akwai doka a cikin wannan sana'a. Wasu nau'o'in mallakar masu su ne, kamar rawayan kiwi na SunGold na kamfanin Zespri, kuma ninka su ko sayar da su ba da lasisi ba laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa. A Tarayyar Turai, tun daga Disamba na 2019, dashen da aka sayar ta intanet aka aika wa mai saye dole ne ya tafi da takardar shaidar lafiya da ake kira fasfon tsirrai, kuma sai mai reno ya yi rajista kafin ya iya ba da ita. Tsallaka iyakar ƙasa da dashe yana buƙatar takardar lafiyar tsirrai daga ƙasar da ya fito da izinin ƙasar da zai shiga, wanda a Najeriya hukumar NAQS, mai sa ido kan lafiyar tsirrai da dabbobin da ake shigowa da su, ce take bayarwa.

Kafin mai saye ya tafi, a tambaye shi inda zai dasa, domin kiwi ɗaya tana cin fili mai tsawon mita huɗu zuwa biyar kuma tana iya rayuwa shekaru da dama. Rumfarta ta zama mai tsayin kusan mita biyu, da dirkoki masu ƙarfi da waya mai kauri, saboda nauyin rassa da 'ya'ya yana rusa rumfar da aka yi da wasa. A koya masa ya kai gangar jiki ɗaya har saman rumfa, ya raba ta hannu biyu hagu da dama, ya kuma san cewa 'ya'ya suna fitowa ne a kan sabon tohon da ya tsiro daga reshen bara. Don haka a tsakiyar hunturu zai cire yawancin rassan da suka riga suka yi 'ya'ya ya bar sababbi a madadinsu, namiji kuwa sai bayan ya gama fure ake datse shi. A lokacin zafi kada ya bari ƙasar ta bushe, ya rufe gindin da ciyawa amma kada ta taɓa gangar. Idan 'ya'yan suka zo, Hayward tana isa tsinka a ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba tun tana da tauri, bayan ƙwayoyin ciki sun yi baƙi, kuma a ɗaka take nuna. Idan ana son ta yi laushi da wuri sai a sa ta a jaka ɗaya da tuffa ko ayaba na 'yan kwanaki. Duk wannan bayani ya fi kyau a buga shi a takarda guda a miƙa masa tare da dashen, a kuma rubuta sunansa da nau'in da ya ɗauka da ranar a littafin gandu, domin idan wata uwa ta nuna matsala daga baya a san gidajen da 'ya'yanta suka shiga.